Jimlar da Malam Buba Bai Ƙarasa Ba

Ina tsaye gaban allo a kwalejin da nake koyarwa a Kazaure, hannuna duk alli, wayata ta fara ruri a cikin jaka. Ba na ɗaga waya a aji, wannan ma a wurin Malam Buba na koya. Da ta ƙi yin shiru sai na leƙa, na ga sunan Hajiya Falmata. Na ba ɗalibai haƙuri na fita baranda. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. Ta ce, "Asma'u, Malaminki ya cika. Yanzun nan da hantsi Allah ya karɓi abinsa." Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na maimaita. Har zan kashe wayar ta ƙara da cewa, "Yayansu ya taso daga Ɓaɓura. Abin da ya fara tambayata shi ne ko Malam ya ƙarasa maganar nan. Na ce masa bai ƙarasa ba."

Wanda ya rasu shi ne Dakta Abubakar, wanda duk mai zama a gabansa ya fi sani da Malam Buba. Ya yi rayuwar aikinsa yana koyar da nahawu a jami'a a Kano, da ya yi ritaya ya dawo Kazaure ya zauna. Hajiya Falmata matarsa ce. Wanda ta kira "yayansu" kuwa Mustafa ne, babban ɗansu, da kunyar ɗan fari ba ta barin ita ko Malam su kama sunansa. Maganar da yake tambaya wata jimla ce da mahaifinsa ya fara yi masa a kan gadon jinya, ya yi rabi ya tsaya. Ni ce na tsaya tafinta a tsakaninsu ranar, shi ya sa rabin nan ya zame mini kaya. Zan zo kanta, amma sai na fara faɗin wane ne mai maganar.

An haifi Malam a wata ruga a ƙasar Gwiwa. Yakan ce shi aka ba gwamnati a cikin 'ya'yan mahaifinsa saboda shi ne shanu suka fi rainawa. In an tura shi kiwo sai ya sami bakin hanya ya zauna yana sauraron hirar masu wucewa, shanu kuwa su yi ta kansu. Da aka zo neman yaran da za a sa boko, mahaifinsa bai yi dogon tunani ba. Ya shiga makaranta Hausarsa ba ta nuna ba, ya fito ya zama mai koya wa Hausawa yadda harshensu yake tafiya. In aka yi masa wannan tsiyar sai ya yi dariya ya ce baƙo ne yake ganin tsagar bango, mai gida ya riga ya saba da ita.

Ni 'yar Roni ce. Mahaifina yana noman gero da gyaɗa, yana kuma da 'yan shanunsa, a gidanmu Fillanci ake yi, Hausa sai an fita waje. Ranar da na fara shiga ajin Malam na zaci abin da muka saba za a yi: a rubuta jimla a allo, a yanka ta gunduwa-gunduwa, wannan suna, wannan aikatau, a tashi. Sai ga shi ya shigo, dogo siriri, da wata hula da ta ga duniya, ya ce kowa ya faɗi harshen da kakarsa take yi masa faɗa da shi. Aka kwashe da dariya, shi kuwa da gaske yake. Aka sami mai Barbarci, aka sami mai Yarbanci, aka sami wata Rifkatu daga Filato da harshen da ban taɓa jin sunansa ba. Da na ce Fillanci sai ya gaishe ni da shi, na amsa, ya gyaɗa kai ya ce, "To, ke naki na nono ne, nawa ya sha tawada. Za ki riƙa yi mini gyara." Na ɗauka wasa yake yi. Ashe haka za a yi ta yi har na gama karatu.

Fanninsa shi ne abin da yake kira nahawun aiki, wato nazarin jimla ta fuskar abin da mai magana yake so ta yi masa. Yakan ce, "Kowace jimla 'yar aike ce. Kafin ku tsaya ƙirga kayan da ke jikinta, ku tambayi wanda ya aiko ta, da wurin wanda aka aike ta, da abin da aka ce ta karɓo." Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne sarƙaƙƙiyar jimla, wadda ake haɗa magana biyu ko fiye a cikinta, ɗaya ta tsaya da ƙafarta, ɗaya ta jingina da ita. A nahawu kowace ɗaya sunanta ganga. Mai tsayawa da kanta ita ce ganga tsayayya, mai jingina kuma ganga dogarau. Duk shekara sai an sami ɗalibin da ya tambaya ina makaɗin, duk shekara kuma sai Malam ya yi dariya kamar yau ya fara ji. Ya daɗe yana bin yadda harsuna daban-daban suke ƙulla waɗannan ganguna, da 'yan ƙananan kalmomin da ake ƙullin da su, irin su "in" da "da" da "saboda" da "sai". Mu ba ma ɗaukarsu a bakin komai. Shi kuwa yana iya cinye darasi guda a kan "sai" ita kaɗai, a tashi bai gama ba.

Wata rana ya miƙa wa Rifkatu alli, ya je ya zauna a kujerarta a cikinmu. Ya ce ta rubuta yadda kakarta za ta ce, "Yaron da ya sha ruwan ya tafi." Ta rubuta tana ɗari-ɗari, don ta saba a makaranta ana ce wa harshensu yare. Malam ya ɗaga hannu kamar kowane ɗalibi, ya yi ta yi mata tambayoyi yana ce mata "Malama", har ta saki jiki ta fara yi masa gyaran furuci. Da za a tashi ya ce mana, "Babu harshen da ya fi wani wayo. Kowanne akwai inda ya yanke hanya, akwai inda ya zagaya." Rifkatu a kan harshen kakarta ta yi digirinta na uku.

Ba ya yarda a yi nahawu a ɗaki kawai. Wata shekara da kaka ya kwaso mu a motar haya zuwa Roni, ƙofar gidan wani mai unguwa inda ake sasanta manomi da makiyayi. Ya ce mu zauna can gefe, mu rufe baki, mu buɗe kunne. Manomin ya ce, "Da shanunsa suka shigar mini gona, ko zangarniya ban tsira da ita ba." Makiyayin ya ce, "Da aka nome burtali, shanu suka rasa ta inda za su bi." A hanyar komawa Malam ya tambaye mu abin da muka ji, muka ce kowa yana kare kansa ne. Ya ce, "Wannan ai ko direbanmu bai je ba ya sani. Ku duba inda kowannensu ya ajiye laifin ɗan'uwansa. A ganga dogarau ya cusa shi, a farkon magana, kamar abin da an riga an gama yarda da shi. Abin da mutum ba ya so a yi masa gardama a kai, nan yake ɓoye shi." Tun daga ranar ban sake jin musun mutum biyu kamar da ba. Har faɗan 'ya'yana a kan wanda ya fasa kofi da wannan kunnen nake saurara.

Ba shi da zafi wajen gyara, amma gyaransa ya fi duka shiga jiki. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu a hannunsa na kamu da cutar dogayen jimloli, don ina ganin su ne alamar ilimi. Bai taɓa ja mini jan biro a kansu ba. Sai dai ya ɗaga takardar ya karanta jimlar da ƙarfi, da numfashi ɗaya, har numfashin ya ƙare masa, ya ajiye ya ce, "Asma'u, wannan ta taso daga Roni, ta wuce Kazaure, ga ta nan ta nufi Daura, ban ga alamar za ta sauke fasinja ba."

Da na haihu a tsakiyar karatun na yanke shawarar ajiye shi. Ban gaya wa Malam ba, daina zuwa kawai na yi. Sai ga Hajiya Falmata har ɗakina da turaren wuta irin nasu na Barebari, ta ce Malam ya ce daga yau a gidansa za a riƙa duba aikin, in zo da jaririyar. Haka kuwa aka yi. Ni da shi muna falo muna fama da ganguna, 'yata tana goye a bayan Hajiya a tsakar gida. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar cewa na so in gudu ba.

A gidan ne na ga wani Malam da ɗalibai ba su sani ba. Shi Bafillace, ita Babarbariya, wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari kuwa aure bai sa sun ajiye shi ba. Ya koyi Barbarci don aikinsa, ya gano su a ƙarshen ganga suke liƙa kalmar sharaɗi, ba a farko ba kamar mu. Shi ke nan ya sami abin tsokana. Yakan ce, "Ku Barebari sai mutum ya gama murna an yi masa alkawari, sannan ya ji 'in' ta biyo baya a wutsiya." Ita kuma ta ce, "Gara mu. Ku Fulani tun ba a fara magana ba kun riga kun duba hanyar gudu." Abu ɗaya ne ban taɓa ji a gidan ba, shi ne Fillanci. Da Hausa ya reni 'ya'yansa, ko gaisuwa ba su iya da harshen kakanninsu ba. Na taɓa yi masa tsiya a kai, ya ce kullum cewa yake sai an yi hutu, har yaran suka yi gemu.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ko da ta yabo ce, don shi kansa ba zai yarda ba. Malam yana da taurin kai, kuma a kan Mustafa ya fi nuna shi. Yaron yana da kai, Malam ya ɗora masa buri. Ya kai shekarar ƙarshe a jami'a, sai ya tattara ya bar karatun, ya tafi Ɓaɓura ya shiga fataucin dabbobi da mutanen Nijar. Ya ce shi zuciyarsa ba ta cikin aji, tun yana ƙarami in an je ruga hutu shi ne ba ya son dawowa. Ran Malam ya ɓaci ƙwarai. A gaban iyalinsa, ba tare da ya dubi yaron ba, ya ce, "Ba zai sake kwana a gidan nan ba sai ya koma makaranta." Mustafa kuwa ɗan ubansa ne. Bai koma makaranta ba, bai kuma sake kwana ba. Yakan zo da Sallah ko in wani abu ya taso, ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, a amsa masa a taƙaice, kafin magariba ya kama hanya. Ya yi aure, ya hayayyafa, kasuwa ta karɓe shi, abin yana nan yadda yake.

Na taɓa yin ƙarfin hali na ce, "Malam, ai 'sai' ɗin nan kai ka sa ta, kai za ka iya cire ta." Sai ya ce, "Asma'u, na iya warware jimla. Janye ta ne ba a koya mini ba." Amma na san abin da idona ya gani. Akwai ranar kasuwar Ɓaɓura da ya kai mu sauraron yadda ake ciniki tsakanin masu naira da masu sefa. Ya zaɓa mana wurin zama a bakin kara, inda ake sayar da shanu, a bayan wata rumfa. Muna ta rubutu na ɗaga kai, na ga shi ko biro bai buɗe ba. Can gaba Mustafa ne yake daidaita wani Buzu da wani mahauci a kan bijimi, bai san muna wurin ba. Malam ya saurara har aka tafa, sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Yaron nan ya iya magana." Ya tashe mu muka bar wurin ta baya, bai bari an gan shi ba.

A daminar da ta wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya yi kwanaki a asibiti ba ya magana. Da bakin ya fara buɗewa sai ga abin da babu wanda ya zata. Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, Larabci ma sai na salla da ya zauna a harshe. Abin da ya rage masa shi ne Fillancin ƙuruciyarsa. Likita ya ce hakan yana faruwa, wani lokaci harshen farko ne yake saura. Yana gane abin da ake faɗa masa da Hausa, mayarwa ce ba ya iyawa. Ya yi ta cewa "ndiyam", 'ya'yansa suna gyara masa filo suna kunna fanka, alhali ruwa yake nema. Nan Hajiya ta kira ni. Da na shiga ta share hawaye ta ce, "Zo ki ji mini. Shekara da shekaru ina zargin wata rana zai koma yarensu ya yi gulmata, ga shi ta tabbata." Malam ya yi murmushi da rabin bakin da yake motsi.

Da aka sallamo shi gida na riƙa zuwa kullum in na tashi daga aiki, ina yi musu tafinta. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba. Mutumin da yake jera ganguna a jimla ɗaya ba tare da ko guda ta kuɓuce masa ba ya koma kalma ɗaya-ɗaya: ruwa, zafi, salla, na gode. Ina kallonsa yana laluben abin da zai ƙulla kalma da kalma, ya rasa, ya rufe ido. Mustafa ma ya bar kasuwa a hannun abokansa ya riƙa zuwa. Yakan zauna a ƙarshen gado yana matsa wa mahaifinsa ƙafa, rana na yin ja ya miƙe ya nemi takalmansa. Hajiya ta roƙe shi ya kwana, ya ce, "Hajiya, bai janye ba. Ba zan fake da rashin lafiyarsa in karya maganarsa ba."

Wata rana bayan la'asar, ni da Hajiya da Mustafa muna ɗakin, Malam ya juyo da kansa ya dubi ɗan nasa ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tattara ƙarfinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, ya fara magana, wannan karon ba kalma ɗaya ba. Da "ko" ya fara, kalmar da Fillancinmu da Hausa suka yi tarayya a kanta, sauran suka biyo a hankali, gaɓa-gaɓa. Sai ya tsaya. Leɓensa ya ci gaba da motsi, sauti bai fito ba. Muka jira. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, ya sake gwadawa, ya gaji, barci ya ɗauke shi.

Mustafa ya ce, "Yaya Asma'u, me ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi, 'Ko da yake ka ɓata mini rai.'"

"Sai me?"

"Nan ya tsaya."

Ya tashi ya fita, ranar ko jan rana bai jira ba. Hajiya ta ja ni tsakar gida ta damƙe mini hannu. Ta ce, "Ke kuwa Asma'u! Da kin ƙarasa masa mana. Ki ce ya ce ya yafe, wa zai sani? Mu nan wa ke jin yaren?" Na ce, "Hajiya, Malam zai sani, ai yana jin Hausa." Ko da ba ya ji ma ba zan iya ba. Mutumin da ya koya mini kada in sa wa mai magana abin da bai faɗa ba, ba a bakinsa zan fara ba. Ban kuma bi Mustafa da wani bayani ba, don a ganina magana ce tsakanin uba da ɗa, mai ita yana da rai, gobe ko jibi zai ƙarasa abarsa. Bai ƙarasa ba. Daga ranar jikin ya riƙa ja da baya, kalma ɗayar ma ta gagara. Kullum Mustafa ya shigo sai ya dube ni, in girgiza masa kai.

An yi jana'izarsa bayan azahar a ƙofar gidansa. Mu mata muna ciki, amma an ce sahu ya kai bakin titi: abokan aikinsa daga Kano, tsofaffin ɗalibai, da 'yan'uwansa daga rugagen Gwiwa da sandunansu. Rifkatu ta iso washegari daga Jos, ta shigo cikinmu ta zauna tana kuka kamar wadda ta rasa uba. A kwanakin zaman makoki na lura Mustafa yana wuni a waje yana karɓar gaisuwa, amma in an tashi sai ya tafi gidan wani abokinsa ya kwana. Uban ya tafi, maganar tana nan a tsaye, yanzu kuma babu mai janye ta.

Da jama'a suka fara raguwa, wata yamma ya aiko a kira ni soro. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Yaya Asma'u, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Maganar ƙarshe da mahaifina ya yi mini a duniya ita ce na ɓata masa rai. Da wannan zan zauna?"

Na ce, "Ba ita ce maganar ba, Mustafa. Rabinta ce, kuma rabin da ba ya tsayawa shi kaɗai."

"To ai ɗaya rabin ya tafi da shi kabari."

"Kalmomin ya tafi da su. Ban san su ba, ba kuma zan ƙirƙiro maka ba. Amma kalmar da ya fara da ita ka ji ta da kunnenka, ko ba ka ji ba?"

Ya ce, "Na ji 'ko'. Ita kaɗai na gane."

"To, ƙarasa masa. Abin da kake tsoron shi ne zai faɗa, sa shi a ƙarshe. Faɗi jimlar gaba ɗaya da ƙarfi in ji."

Ya dube ni kamar wadda ta zautu. Sannan ya ce, "Ko da yake ka ɓata mini rai, ban yafe..." Ya tsaya. Ya haɗa gira, ya sake ɗaukowa daga farko. "Ko da yake ka ɓata mini rai, kada ka sake..." Ya sake tsayawa. Ya ce, "Ba ta zauna ba."

"Me ya hana ta zama?"

"Ba a faɗin haka. Da haka yake nufi ai 'tun da' zai ce. Tun da ka ɓata mini rai."

Na ce, "Ba ni na koya maka wannan ba, bakinka ne ya ƙi. Mahaifinka ya ƙare rayuwarsa yana bin irin wannan jimla a Hausa da Fillanci da Barbarci da Larabci, da duk harshen da ɗalibansa suka kawo masa. Kowane harshe da inda yake ajiye kalmar, amma aikinta ɗaya ne. Mai magana ya amsa cewa abu ya faru, sannan ya ture shi gefe ya faɗi abin da ya fi shi nauyi a zuciyarsa. Mutumin da 'ruwa' ma take ba shi wahala, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ɗauko wannan kalma. Wani zai iya ɗaukarta bisa kuskure, amma ban da Malam."

Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa, na bar shi ya yi kukan da aka ce bai yi a maƙabarta ba. Ni ma nawa nake yi. Ban san ko "na yafe maka" Malam ya so ya ce ba, ko "kai ɗana ne", ko kuwa wata magana da ba ta zo mana a rai ba. Allah ya bar wa kansa sani. Da Mustafa ya natsu ya goge fuska da hannun riga, ya wuce ni ya shiga cikin gida. Hajiya tana zaune a kan tabarma cikin takaba, da carbi a hannu, 'yan'uwanta kewaye da ita. An fara kiran magariba a masallacin unguwa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Hajiya, in na dawo daga masallaci, a ina zan kwanta?"

Mu da muka zauna a gaban Malam mun yi rashin uba. Wanda ya taɓa ɓata wa rai a aji ko a waje, don Allah ya yafe masa. Wanda ya amfana da shi kuma, ya sa shi a addu'a duk lokacin da ya tsaya gaban allo.

Allah ya ba Hajiya Falmata haƙuri, ya sa ta gama takaba lafiya, ya zame mata abokin hira a gidan da ya yi shiru. Allah ya haɗa kan Mustafa da ƙannensa, ya albarkaci jikokin da ya bari, ya ba 'yan'uwansa na Gwiwa juriyar rashi. Allah ya sa ciwon da ya yi ya zama kaffara, ya yalwata masa kabari, ya buɗe masa harshe a lokacin tambaya. Ya Ubangiji, ko da yake bawanka Abubakar ya zo maka da kurakurai irin na kowane ɗan Adam, rahamarka ta fi su yawa. Ka ji ƙansa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.